Kowane sashe yana aiki tuƙuru amma kamfanin ya ƙi gaba, ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni manaja ne a wani kamfanin casar shinkafa, ma'aikatanmu sun kai 70. Kowane sashe yana aiki tuƙuru wallahi, ba malalata ba ne, amma kamar ba kamfani ɗaya muke ba. Masu sayo shanshera nasu daban, masu inji nasu daban, masu sayarwa kullum cikin faɗa da akawu. Mun rubuta manufar kamfani mun kafa a allo a bakin geti, mun yi miting har mun gaji, ba abin da ya canza. Ya zan yi kowa ya fuskanci alƙibla ɗaya?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara buɗi. Ni asali ba ɗan harkar shinkafa ba ne, shekaruna na farko a aikin rigakafin shan inna na yi su, ina sufabaiza a ƙaramar hukuma, daga baya ne na koma taimaka wa ƙananan kamfanoni da ƙungiyoyi wajen tsara aiki. Amma ina karanta saƙonka na gane ciwon, don na zauna a cikinsa shekara da shekaru.

Abu na farko da nake so ka yarda da shi, mutanenka ba su ƙi manufar kamfani ba. Suna bin wata manufar ce da kai da kanka ka ba su ba tare da ka lura ba. Ma'aikaci ba abin da ke rubuce a allon geti yake bi ba, abin da oga yake tambayarsa a kai ranar Litinin da safe yake bi, da abin da ake ba shi kwamisho a kai, da abin da in ya gaza za a yi masa faɗa a gaban mutane. Shi ke nan. To ka zauna ka tuna, me kake tambayar kowane shugaban sashe in kun haɗu?

Bari in yi hasashe, ka gaya mini in na kuskure. Mai sayo shanshera kana tambayarsa tan nawa ya shigo da shi kuma a nawa ya saya. To shi kuwa in ya je Kura ko Haɗeja ko ya gangara Kebbi lokacin kaka, wadda ta fi arha ita zai ɗauka, kuma wadda ta fi arha sau da yawa ita ce mai danshi da ba a gama shanyawa ba, ko mai ƙasa da tsakuwa, ko wadda aka gauraya iri biyu iri uku a buhu ɗaya. A takarda ya yi ƙoƙari, ya kawo da yawa a farashi mai sauƙi, har ka yaba masa. Mai inji kuma buhu nawa ya fitar yau kake tambayarsa, don haka ba zai tsaya jiran danshi ya sauko wajen kashi 14 cikin ɗari da ake so kafin a casa ba, ba zai kashe inji don a gyara abin tsince tsakuwa ba, zai danna kawai, shinkafa ta fito a kakkarye ga baƙi-baƙi a ciki, amma lissafin buhunsa ya cika. Mai sayarwa nawa ya sayar kake tambayarsa, sai ya bi dilolin kasuwannin Singa da Dawanau yana zuba musu kaya bashi, har yana alƙawarin tirela biyu ranar Alhamis bai tambayi masu inji ko za su iya ba. Akawu kuwa aikinsa kada kuɗi ya fita, sai ya riƙe kuɗin dizal da na kayan gyara har sai inji ya tsaya cak. Duk su huɗun sun ci jarrabawar da ka ba su, kamfanin ne ya faɗi. Ruwa ba ya tsami banza ɗan'uwa, faɗan da kake gani tsakanin mai sayarwa da akawu ba mugun hali ba ne, ma'auni biyu ne ka ba su masu karo da juna.

Bari in ba ka labarin inda na ga an warware irin wannan, a aikin da ya fi kamfaninka girma nesa ba kusa ba.

Ka san tarihin shan inna a arewa. A 2003 aka dakatar da rigakafin a Kano saboda zargin da ya yaɗu a kan maganin, ba a dawo ba sai tsakiyar 2004, cutar ta bazu har ƙasashe kusan 20. Bayan an dawo ma aka yi ta zagaye shekara da shekaru, kuɗi na shiga, ma'aikata na fita rana da zafi, amma a 2012 yara 122 suka kamu a Najeriya, fiye da rabin na duniya baki ɗaya a shekarar. Kuma fa kowa yana aiki. Gwamnati na nan ta hannun hukumar lafiya a matakin farko, hukumar lafiya ta duniya WHO na nan, UNICEF na nan, ƙungiyar agaji ta Rotary na nan, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka CDC na nan, gidauniyar Gates na zuba kuɗi. In ka tambayi kowannensu manufa zai ce maka a kawar da shan inna, baki ɗaya ne. Amma a ƙasa kowa da ofishinsa, da motarsa, da fom ɗinsa, da ogan da yake tura wa rahoto. Masu kula da sanyin magani damuwarsu ƙanƙara da firij. Masu wayar da kai damuwarsu taro nawa aka yi. Masu ɗiga magani damuwarsu takardar ƙirga ta cika. Masu kuɗi damuwarsu rasit.

Abin da na gani da idona a wata ƙaramar hukuma, ba zan faɗi sunanta ba, har yau yana damuna. Tim ɗin mata uku aka ce su kawo adadi kaza na yara kullum, a unguwar da rabin gidajen ba sa buɗe musu ƙofa. Suka gane cewa ba wanda ke tambayar ko yaro ya sha, ana tambayar takarda ne da alamar tawada a ɗan yatsa. Sai uwa ta ce ku shafa masa tawadar ku tafi, mijina ya hana, su kuma su shafa, su yi alama da alli a bango, su ƙara ɗaya a takarda. Da yamma a kawo mana lissafi ya haura kashi 95, mu tura sama, kowa ya ji daɗi, bayan wata biyu a kira mu a ce ga yaro ƙafarsa ta saki a wannan unguwar dai. Ban ɗora wa matan nan laifin duka ba, mu ne muka tambaye su takarda suka ba mu takarda. Ranar da na tsaya a gaban mahaifiyar yaron nan na gane cewa lambar da ba ta da alaƙa da manufa ta fi rashin lamba illa, don tana sa ka barci alhali gida na ci da wuta.

Kuma kada ka ce wannan halin mutanenmu ne kawai. A 2016 aka ci tarar bankin Wells Fargo na Amurka dala miliyan 185, saboda ma'aikatansa sun buɗe asusu wajen miliyan 2 da sunan kwastomomi ba da saninsu ba, aka kori mutum 5,300. Dalili ɗaya ne da na matan can, an matsa musu lamba a kan yawan asusu, ba a tambaye su ko kwastoma ya amfana ba.

To me ya canza a shan inna? A ƙarshen 2012 aka buɗe cibiyar ayyukan gaggawa a Abuja, wadda muke ce wa EOC, daga baya aka buɗe irinta a Kano da sauran jihohin da cutar ta fi ƙamari kamar Katsina, Kaduna, Sakkwato da Borno. In ka ji sunan sai ka ɗauka wani abin mamaki ne, alhali ɗaki ne. Ɗaki ɗaya aka tara duk waɗannan ƙungiyoyin, kowa ya bar ofishinsa ya zo ya zauna a tebur ɗaya, ƙarƙashin shugaba ɗaya daga ɓangaren gwamnati, ana kallon allo ɗaya da bayanai iri ɗaya, kuma tambayar ta koma guda ɗaya: yara nawa aka tsallake, a wace mazaɓa, saboda me, wa zai koma, yaushe. Ka lura da yadda aka juya tambayar. Da ana ƙirga yaran da aka yi wa, yanzu ana neman yaron da ba a yi wa ba. Wannan juyin kaɗai ya sa mai ƙanƙara da mai wayar da kai da mai mota suka zama masu aiki ɗaya, domin in an tsallake ruga guda a bayan gari, ko dai babu ita a taswira, ko babur bai samu mai ba, ko magani ya ƙare da azahar, ko ardo bai san da zuwanmu ba, kuma duk masu alhakin waɗannan suna zaune a ɗakin, ba wanda zai ce bari in rubuta wa ofishinmu.

Aka kuma daina yarda da rahoton mutum a kan kansa. Bayan kowane zagaye sai a turo wasu daban da ba sa cikin masu aikin, su zaɓi yara 60 a ƙaramar hukuma a wurare shida ba tare da sanarwa ba, su duba, in waɗanda aka tsallake sun yi yawa a ce ƙaramar hukumar ta faɗi a sake. Aka riƙa ba tim-tim waya mai nuna inda suka taka, aka sake zana taswirar ƙauyuka da hoton tauraron ɗan'adam, sai ga unguwanni da rugage da ba a taɓa sa su a tsari ba. Kuma kullum da yamma lokacin zagaye akwai zama a ƙaramar hukuma, da shugaban ƙaramar hukuma ko wakilinsa, da hakimi, a karanta gidajen da suka ƙi, gobe da safe mai unguwa ko dagaci ya raka mu. Matsalar yau a kashe ta yau. Sakamako kuwa ga shi, yaran da suka kamu: 122 a 2012, 53 a 2013, 6 a 2014. Yaro na ƙarshe a Kano a Sumaila aka same shi, watan Yulin 2014. An sake ganin cutar a Borno a 2016 a wuraren da rikici ya hana shiga, daga nan shiru, har ranar 25 ga Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar. Kuma da Ebola ta shigo Legas a Yulin 2014, wannan tsarin na ɗaki ɗaya aka ɗauka aka kai can, Dokta Faisal Shuaib daga cibiyar shan inna ya je ya jagoranta, aka tsayar da ita a mutum 20, 8 suka rasu, Allah ya ji ƙansu.

Akwai wani ɓangare na labarin da nake ganin ya fi duka amfani gare ka. Mutanen gari sun daɗe suna gaya mana magana muna toshe kunne. Suna cewa zazzaɓin cizon sauro na kashe mana yara, ƙyanda na kashe su, asibitin unguwa babu ko farasitamol, ku kuma kullum kuna ƙofar gidanmu da ɗigo biyu kyauta, me ya sa wannan kaɗai? Gaskiya suka faɗa. Manufar asali ita ce yaro ya rayu da lafiya, shan inna reshe ne. Sai da aka fara kafa ɗan sansanin duba marasa lafiya a unguwa lokacin zagaye, a duba uwa, a ba da maganin zazzaɓi da na gudawa, aka ɗauki matan unguwar su da kansu su riƙa shiga gida-gida suna zuwa suna har da bin masu ciki, sannan ƙofofi da yawa suka buɗe. Har yanzu ma inda rigakafin yau da kullum na asibiti ya yi rauni ana fama da wani nau'in ƙwayar, wanda ke nuna maka cewa in ka cika zuba ƙarfi a reshe ɗaya ka bar uwar bishiya, aiki zai dawo maka. Kuma mutane sun ba da ransu a aikin nan, a Fabrairun 2013 aka harbe ma'aikatan rigakafi tara a Kano, yawancinsu mata, don haka ba labarin da nake bayarwa da wasa ba ne.

Yanzu mu dawo kamfaninka. Ka sauke allon nan na geti a ranka tukuna, ka tambayi kanka, in kamfanin nan ya yi nasara me za a gani a ƙasa? Ba irin kalaman nan na zama zakara a Afirka ta Yamma ba, magana wadda mai gadi da mai ɗinke buhu za su iya maimaitawa. Misali: duk wanda ya sayi buhunmu ya dawo ya sake saye, kuma kuɗinsa ya shigo. In matar gida ta dafa ba ta tauna tsakuwa ba, za ta ce wa mai shago irin ta rannan, mai shago ya koma wa dila, dila ya dawo maka. Kada ka zauna kai kaɗai ka yanke wannan jimlar, ka tara shugabannin sassan huɗu har da mai kamfanin in zai zo, ku yi gardama a kanta. Ka tambayi kowa a gaban kowa, me ɗan'uwanka yake yi da ke ɓata maka aiki, kai kuma me kake yi da ke ɓata nasa? Zaman farko zai yi zafi, ka bari ya yi, ka dai hana zagi da tone-tone.

Daga nan sai ka canza tambayoyinka, in kiɗa ya canza ai dole rawa ta canza. Mai sayo shanshera ka daina auna shi da tan da farashi kawai, ka auna shi da shinkafa nawa mai kyau ta fito daga abin da ya sayo, wato kuɗin da buhun da aka gama casa ya tsaya muku. Ranar da ya gane cewa arhar mai danshi a kansa za ta dawo, da kansa zai nemi ka saya masa na'urar gwada danshi ya tafi da ita kasuwa. Mai inji a ƙirga masa buhun da ya wuce gwaji ba wanda ya faɗo daga inji ba, kuma buhun da kwastoma ya dawo da shi a cire daga lissafinsa. Mai sayarwa kwamishonsa ya tsaya a kan kuɗin da ya shigo asusu, ba kayan da suka fita geti ba, sannan kada ya yi alƙawarin rana sai ya ji daga bakin mai inji. Akawu kuma ka sa masa awannin da inji ya tsaya saboda jiran kuɗi a cikin abin da ake tambayarsa, nan take zai fara ware kuɗin gyara tun kafin a roƙe shi. Sannan ka ɗauki wani kaso na alawus ɗin ƙarshen wata ka ɗaure shi da sakamakon kamfanin gaba ɗaya, kowa ya samu tare ko a rasa tare, har leburori. Ba sai ya yi yawa ba, ya dai zama ana jinsa a aljihu.

Ka yi naka ɗakin. Minti 20 kullum da safe, a tsaye, kusa da inji ba a ofishinka mai sanyi ba, allo ɗaya da lambobi ƙalilan, huɗu ko biyar sun isa. Shanshera nawa ke sito kuma ya danshinta, buhu nawa suka wuce gwaji jiya, oda nawa ke jira, bashi nawa ke waje kuma na kwana nawa, inji ya tsaya awa nawa. Ba wurin jawabi ba ne, abin da ya maƙale a faɗa, a ce wane ne zai cire shi kafin la'asar. Kuma ka samu mai duba inganci wanda ba ya ƙarƙashin mai inji, kai tsaye gare ka yake kawo rahoto, ya riƙa zaro buhu ba sanarwa yana buɗewa. Kai ma duk sati biyu ka shiga kasuwa da kanka ka zauna a shagon dila ka ji me ake cewa a kan buhunka, abin da za ka ji a can ba zai taɓa zuwa maka a takarda ba.

Wurin da yawancin manajoji ke faɗuwa shi ne ranar da manufa ta ci karo da kuɗin yau. Za a wayi gari ga dila da kuɗi a hannu yana son buhu 600 gobe, shanshera kuma ba ta bushe ba. Duk ma'aikatanka 70 za su zuba ido su ga me za ka ce. In ka ce a casa haka nan, to ka goge duk abin da kuka tattauna, kowa ya gane ainihin manufar, kuma ba mitin da zai gyara. In ka kira dilan ka ba shi haƙuri ka ce jibi, ko ka ba shi rabi yau rabi jibi, ka yi asarar wani abu a ranar amma daga nan mai inji zai fara kashe inji don gyara ba tare da tsoro ba. Shi ya sa nake so ka fara shawo kan mai kamfanin kafin kowa, don in kai ka ce a jira shi kuma ya bugo waya ya ce a loda, ka zama manajan da ba a jin maganarsa. Ku yarda tun yanzu a kan abin da ke gaba in an rasa yadda za a yi, inganci ne ko sauri ko farashi, ku jera su, ku gaya wa kowa.

Kada kuma ka ɗora abubuwa goma ka ce duka su ne kan gaba. Wata uku masu zuwa ku ɗauki biyu, misali rage buhunan da ake dawowa da su da rage bashin da ya wuce kwana 30, duk wani sabon tunani mai kyau da ya zo a rubuta shi a ajiye sai zango na gaba. Kowane shugaban sashe ya koma wa yaransa ya dawo maka da abin da su za su yi don waɗannan biyun, daga bakinsu, ba kai za ka rubuta musu ba. Za ka sha mamakin abin da mai ɗinke buhu ya sani game da inda shinkafa ke zubewa.

Wata na farko lambobinka za su yi muni fiye da da, kada hankalinka ya tashi, gaskiya ce ta fara fitowa, mu ma da aka fara binciken yara 60 ɗin nan ƙananan hukumomin da ke kawo kashi 95 ne suka riƙa faɗuwa. Wanda ya fara kawo maka mummunan labari da bakinsa ka gode masa a gaban jama'a, in ka yi masa tsawa ranar, gobe kowa zai koma shafa tawada a yatsa. In ka gwada na wata guda ka turo mini lambobi biyar ɗin nan na satin farko da na satin ƙarshe, da abin da kake biyan kwamisho a kai yanzu, sai mu duba tare in sha Allahu.